Ba Hujewar Sama Ce Ke Kawo Mana Zafi Ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in gyara wata fahimta da ta zauna daram a bakin jama'a. A watan Afrilun da ya wuce ina zaune a teburin mai shayi bayan sallar Isha'i, kowa yana fifita da guntun kwali, sai wani dattijo ya ce ai Turawa ne suka huda sama, shi ya sa rana take zubo mana wuta ta wannan kafa. Kowa ya gyaɗa kai. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa, na kuma san inda maganar ta samo tushe, sai dai an cakuɗa abubuwa biyu ne waɗanda ko wurin zamansu ba ɗaya ba ne, wato hujewar sama da ɗumamar yanayi.

Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa take kamar bene. Idan aka cire tururin ruwa, kashi 78 cikin ɗari nitrojin ne, kashi 21 oksijin ɗin da muke rayuwa da shi, kusan kashi 1 kuma argon. A hawa na ƙasa muke zaune, wanda a yankunan zafi irin namu yakan kai tsayin kilomita 16 zuwa 18, kuma a cikinsa ne hadari yake haɗuwa, ruwa ya sauka, ƙurar hunturu ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta rufe mana gari. A wannan hawa, duk kilomita ɗaya da aka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi, kuma duk wanda ya taɓa barin Kano da rana ya kwana a Jos ya ji wannan a jikinsa lokacin da ya fara neman bargo.

Ozon, wato rufin iskar da ake cewa ya huje, yana hawa na biyu ne, mafi yawansa tsakanin kilomita 15 zuwa 35, kuma aikinsa shi ne tace wani nau'in hasken rana mai ƙona fata, mai jawo cutar daji da yanar ido. A shekarar 1985 masu bincike na Birtaniya suka bayyana cewa wannan rufi yana yin sirara ƙwarai a saman Antatika, can ƙuryar kudancin duniya, musamman a watannin Satumba da Oktoba, sakamakon sinadaran da ake zubawa a firji da na'urar sanyaya ɗaki da gwangwanayen feshi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana waɗannan sinadarai, rufin kuwa yana farfaɗowa sannu a hankali. Hawan da ke sama da wannan ba su shiga maganarmu ba, illa dai in ce a can ne duwatsun sama suke ƙonewa mu ga kamar tauraro ya faɗi, kuma daga can ne muryar rediyo mai gajeren zango take dawowa ƙasa har ta iso akwatin manomi a ƙauye.

Zafin Maris da Afrilu tsohon abu ne, domin lokaci ne da rana take tsakiyar ka, babu gajimare, damina kuma ba ta faɗi ba. Ƙarin da ake samu a kansa kuwa a nan hawa na ƙasa yake faruwa, inda iskar kabon ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, tana riƙe ɗumin da ƙasa take fitarwa. Manyan ƙasashe masu masana'antu ne suka fi kowa laifi, amma hayaƙin janareto da na mota da itacen da ake sarewa a yi gawayi su ma can suke taruwa.

Saboda haka nake roƙon wakilanku, idan za su rubuta labarin ɗumamar yanayi, su daina fakewa da kalmar “sararin samaniya” ga kowane abu, su riƙa faɗa wa mai karatu hawan da ake magana a kai da kuma iskar da ake nufi.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin makaranta mai ritaya, Zariya.