Sabon shiga gwanjon intanet ya tsayar da farashinsa kafin ya kalli agogo

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wata sana'a da ke ƙara shiga hannun matasanmu na unguwannin Zango a nan Kumasi, wato sayen kaya ta gwanjon intanet daga ƙasashen waje. Daga Aboabo zuwa Asawase, ana samun samari da suke kwana suna gadin waya, suna jiran ƙarewar gwanjon kwamfuta, ko wayar hannu, ko injin mota, ko ma motar ɗungurungum wadda suke sa ran a sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema, a kawo ta Suame Magazine, unguwar makanikai, a gyara, a sayar. Sana'a ce ta halal, kuma akwai riba a cikinta. Abin da ke damuna shi ne yawancin sababbin shiga sun ɗauka cewa dabarar duk tana cikin saurin yatsa a daƙiƙar ƙarshe, alhali babban aikin ana gama shi ne tun kafin a buɗe waya, lokacin da mutum ya zauna da biro da takarda ya yanke iyakar abin da zai iya biya.

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne yadda tayi yake aiki a shafi irin eBay, wanda aka kafa a Amurka a 1995. Kuɗin da ka rubuta iyaka ce kawai kake ba na'urar shafin, ba lallai ne shi za ka biya ba. Na'urar tana zama maka kamar dillalin da ka aika kara, ka raɗa masa a kunne cewa kada ya wuce kaza. Shi kuwa ba zai faɗi wannan farashi a fili ba, zai riƙa ƙara ɗan kaɗan ne a kan tayin wanda ke binka, har sai an sallama masa ko an kai iyakar da ka ba shi. A ce an buɗe gwanjon kwamfuta a kan dala 50, kai kuma ka rubuta dala 180. Abin da jama'a za su gani shi ne dala 50. Idan wani ya zo ya rubuta dala 120, nan take na'urar za ta ɗaga naka zuwa dala 122 da rabi, domin a wannan mataki ƙarin da shafin ya ƙayyade dala biyu da rabi ne, kuma idan ba wanda ya sake tayawa, wannan ne kuɗin da za ka biya, sauran ya zauna a aljihunka. Wannan tsari ya yi kusa da wanda masanin tattalin arziki William Vickrey ya yi bayaninsa a 1961, inda mai nasara ke biyan farashin na biyu, kuma a irinsa abin da ya fi wa mai saye amfani shi ne ya rubuta ainihin abin da kayan suka kai a wurinsa.

Wanda bai san wannan ba shi ne za ka ga yana ƙara dala biyu, a wuce shi, ya ƙara uku, a wuce shi, yana zaton wani mutum ne ke zaune yana tsokanarsa, alhali da na'ura yake kokawa. Wannan ƙari na kaɗan-kaɗan yana da illa biyu. Yana sanar da kowa cewa ana son kayan, sa'annan yana kunna wa shi mai tayin zuciya, har cinikin ya koma gasa, ya manta da riba ya koma neman kada a ce an kayar da shi. Akwai kuma ƙananan abubuwa biyu da suke raba gardama idan tayi ya zo kusa da juna. Idan mutum biyu suka rubuta kuɗi iri ɗaya, wanda ya riga rubutawa shi ke da kayan. Kuma da yake mutane sun fi son cikakken adadi, wanda ya rubuta dala 181 da santi 37 yana iya kayar da wanda ya tsaya a dala 180 da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai maganar lokaci, wadda a nan ne aka fi samun ruɗani, domin gwanjo iri biyu ne ta fuskar rufewa. Akwai wanda yake rufewa a kan ƙayyadadden lokaci ko da tayi yana shigowa, kamar yadda aka san gwanjon eBay, inda mai kaya ke zaɓar kwana 1, 3, 5, 7 ko 10. A irin wannan, jinkirta tayi zuwa sakan biyar ko goma na ƙarshe yana da ma'ana, saboda ba ka bar wa masu ƙarin kaɗan-kaɗan lokacin mayar da martani ba. Akwai kuma wanda duk tayin da ya shigo a ƙarshe yake sake tayar da agogo, kamar gwanjon motoci na Copart, wanda masu shigo da motoci Gana suka sani sosai. A can, wanda ya ɓuya yana jiran sakan na ƙarshe bai ɓoye komai ba, domin tayinsa yana shiga agogo zai koma baya, sauran masu saye su sami damar ƙarawa. Masana biyu, Alvin Roth da Axel Ockenfels, sun wallafa bincike a 2002 inda suka kwatanta eBay da gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamani, wanda ba ya rufewa sai an yi minti goma ba a sami sabon tayi ba, suka tarar tayin ƙurewar lokaci ya fi yawa nesa ba kusa ba a eBay. Ke nan ƙa'idar rufewa ce ke tsara dabara, kuma wajibi ne sabon shiga ya karanta wannan ƙa'ida kafin ya danna komai.

Ko a inda jinkirin ke da amfani, ina ganin mu mazauna Gana muna da dalilin yin taka-tsantsan fiye da wanda ke zaune a Landan. Wutar lantarki tana iya ɗaukewa, intanet ɗin waya tana iya yin nauyi daidai lokacin da ake bukatarta, shafin kuma yana iya neman ka sake shigar da kalmar sirri saura sakan takwas. Sannan tayin ƙarshe ba ya kayar da wanda ya riga ya ajiye iyaka mai tsawo tun kwana uku da suka wuce. Idan nasa ya fi naka, na'ura za ta wuce ka a cikin ƙiftawar ido, kuma ba sauran lokacin gyara. Saboda haka ko da wuri za ka taya ko a ƙarshe, tayi ɗaya ne ya kamata ka yi, kuma ya zama cikakkiyar iyakarka. Wanda ba shi da tabbas a kan layinsa gara ya saka nasa saura minti biyu ko uku, ya kife wayar.

Bambancin agogo shi ma yana cin mutane. Gana tana kan agogon GMT duk shekara, ba ta canzawa, amma Amurka da Ingila suna canza nasu. Birnin New York yana bayanmu da awa biyar a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba tazarar awa huɗu ce. Ingila kuwa agogonmu ɗaya da ita a lokacin sanyi, sai ta wuce mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Gwanjon da zai rufe ƙarfe 9 na dare a New York a watan Yuli, ƙarfe 1 na dare ne a Kumasi. Wanda aka sa ƙarfe 12 na rana a Texas a watan Janairu kuwa zai faɗo ne ƙarfe 6 na yamma, daidai ana shirin sallar magariba. Wanda ya san haka tun da wuri zai ajiye iyakarsa a hannun na'ura ya tafi masallaci hankali kwance. Kuma yanke shawarar kuɗi da ƙarfe biyu na dare, ido na lumshewa, ba abu ne da zan so wa ɗana ko ƙanena ba.

Yanzu ga asalin maganar, wato yadda ake fitar da iyakar. Lissafin daga baya ake faro shi, daga farashin da kayan za su sayu a kasuwannin Kumasi irin su Adum ko Kejetia ko Suame. Daga wannan farashi sai ka cire ribar da kake nema, ka cire kuɗin gyara, da kuɗin jirgi, da kuɗin fito na kwastan a Tema, da ladan wakilin da zai fitar maka da kaya, da kuɗin motar da za ta kawo su Kumasi. Idan mota ce, akwai la'adar kamfanin gwanjo wadda ake ɗorawa a kan farashin da ka ci, da kuɗin dillali a jihohin Amurka da ba a yarda wanda ba shi da lasisi ya saya da kansa ba, da kuɗin jan motar zuwa bakin ruwa, da kuɗin ajiya da ke hawa kullum idan aka yi jinkirin ɗauka. Sai kuma canji. Ba mu manta 2022 ba, shekarar da dala ta tashi daga kusan sidi 6 a farkonta zuwa sama da sidi 13 a watan Nuwamba, kuma wanda ya ci gwanjo yau sai bayan makonni zai biya fito, don haka dole ya bar wa canji gurbi a lissafinsa. Abin da ya rage bayan duk an cire waɗannan shi ne iyakarka. A rubuta shi a takarda, a ajiye kusa da waya.

Dalilin da ya sa nake nanata rubutawa shi ne, cin gwanjo kansa yana ɗauke da haɗari. Tun a 1971 wasu injiniyoyin man fetur uku a Amurka suka lura cewa kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai sau da yawa su ne waɗanda suka fi kowa zuzuta darajar filin, sai su ƙare da ƙaramar riba ko faɗuwa. Haka abin yake ga motar da ta yi hatsari, wadda ba wanda ya gan ta sai a hoto. Idan dillalai ashirin da suka daɗe a harkar duk sun tsaya, kai sabon shiga kaɗai ka ci gaba, ya kamata ka tambayi kanka abin da suka gani wanda kai ba ka gani ba, ko ruwan ambaliya ne ya shiga injin, ko ƙashin motar ne ya lanƙwashe. Rubutun da ke cewa mota tana tashi tana tafiya ba shaidar lafiya ba ne, yana nufin ta tashi ta motsa ne lokacin da aka gwada ta a filin. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 ita ce ake bincika tarihinta da ita, kuma kafin tayi ake binciken. Sannan a tuna cewa tayi alkawari ne. Shafukan ba su yarda a janye shi haka kawai ba, kuma wanda ya ci ya ƙi biya yana iya rasa kuɗin da ya ajiye a wurin shafin ko a rufe masa asusu.

Akwai wani ɓangare da nake so malamanmu su taimaka da shi a wa'azi. Cinikin wa-zai-ƙara halal ne a wurin jumhurun malamai, amma Manzon Allah (SAW) ya hana najashu, wato mutum ya ƙara farashi ba da niyyar saye ba, sai don a ja wani ya biya da yawa. Matasanmu da suka fara sayar da kaya ta gwanjo a Facebook da WhatsApp su sani cewa sa aboki ya riƙa tayin ƙarya wannan haramcin ne ya hau kansa, kuma eBay ma ya hana shi a dokokinsa. Mai saye kuma ya duba jerin tayin da aka yi. Idan ya ga sabon asusu wanda ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, yana ƙarawa yana tsayawa dab da iyakar wasu, to ya janye jikinsa. Wannan daban yake da ɓoyayyen farashin da mai kaya ke ajiyewa wanda ba zai sallama ƙasa da shi ba, domin shafin da kansa yana nuna cewa akwai shi.

Shawarata ga wanda zai fara ita ce ya ɗauki makonni yana kallo ba tare da ya taya ba. Ya zaɓi kaya iri ɗaya da ya san kasuwarsu a gida, ya bi gwanjonsu har ƙarshe, ya duba sashen kayan da aka riga aka sayar don ya ga farashin da aka sallama a kai, domin kuɗin da ake gani saura kwana biyu ba ya nuna inda za a tsaya. In ya tashi farawa, ya fara da ƙaramin abu wanda faɗuwarsa ba za ta taɓa jarinsa ba, kuma kada ya fara da kuɗin adashi ko na amanar wani. Ina kuma roƙon jaridarka ta nemo ƙwararren wakilin fito daga Tema ya yi wa masu karatu bayanin yadda ake lissafin harajin mota da na kayan lantarki a harshen Hausa, domin wannan shi ne adadin da sababbin shiga suka fi ƙiyastawa da ka.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Mai karatu daga Aboabo, Kumasi