Ciwon shawarar da ke biyo bayan doguwar kwanciya a reya

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon shirinku na kiwon lafiya ya gayyato likitan hanta ya yi wa mutanen Maraɗi bayani a kan wata cutar hanta mai kawo shawara da ba a cika jin labarinta ba. Tana kama wanda ya daɗe kwance rai a hannun Allah a ɗakin da ma'aikatan asibiti ke kira reya, ana hura masa iska da inji, bayan mummunan haɗari, ko ƙuna, ko ciwon huhu mai tsanani.

Ga yadda take samuwa. Hanta na samun jini ta hanya biyu, amma siraran magudanan da ke cikinta, masu kwashe ruwan matsarmama zuwa hanji, jijiya ɗaya ce ke ciyar da su. In jinin majinyaci ya faɗi, aka shiga ba shi magungunan matse jijiyoyi don ya ɗago, magudanan nan su ke fara shan wuya. Fatar cikinsu ta mutu, ta cuɗe da ruwan matsarmama ta daskare, hanya ta toshe kamar lambatu da damina. Daga nan ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ba laifin likitoci ba ne, da magungunan aka ceto ran. Likitocin Jamus sun yi rubutu da yawa a kanta, kuma daga 2020 an ƙara ganinta ga waɗanda korona ta kwantar.

Ɗan ƙanena, ɗan kabu-kabu ne, mota ta kaɗe shi, ya yi makonni a reya. Da aka sallamo shi mun yi sadaka, gida ya cika da 'yan barka. Ba a jima ba idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya koma ja, kashi ya yi fari, ga ƙaiƙayin da ke hana shi barci har ya yi wa ƙwaurinsa jina-jina da farce. Kowa ya gani sai ya ce shawara ce, a jiƙa masa rawaya. Wata gwaggonmu ma cewa ta yi a kai shi a yi masa sakiya. Eko na farko, wato hoton ciki, bai nuna komai ba, abin da ya ƙara wa masu jiƙe-jiƙen ƙarfi ke nan, alhali cutar ta saba ɓuya wa eko da fari. Awon jini na GGT da na ALP, masu nuna halin da magudanan hanta ke ciki, su ke saurin tona ta, tun kafin ido ya canza.

Na san yawancin shawarar da muke gani ciwon hanta nau'in B ne, ko zazzaɓin sauro, ko amosanin jini. Wannan ba ta da yawa. Amma tana da gaggawa: cikin watanni tana iya ƙeƙasar da hanta. Ana rage ta da magani, ana zura tiyo mai kyamara ta baki a share magudanan, in ta ci ƙarfi kuwa sai dashen hanta a ƙasar waje. Talaka ina ya ga kuɗin?

Saboda haka, Malam Edita, a gaya wa masu jinya: duk wanda ya fito reya, a adana takardunsa, a koma awon hanta ko da yana cin tuwonsa lafiya lau. Likitocinmu kuma, don Allah, su riƙa rubuta ranar awon a takardar sallama, su faɗa wa dangi da Hausa.

Naku mai saurare,
daga unguwar Zariya, Maraɗi