Ƙullutu a Nonon Mai Shayarwa: Kada a Jira Yaye

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka don in ja hankalin matan Jos da mazajensu kan wani kuskure game da sankarar nono da ke cinye mana mata masu goyo. Mace tana shayarwa, ta ji ƙullutu a nono, sai a ce mata ruwan nono ne ya daskare, ta gasa da ruwan ɗumi, in ta yaye zai baje. Sau da yawa hakan ne. Amma ruwan da ya daskare yakan saki cikin 'yan kwanaki in yaro na tsotsa, kumburi mai zazzaɓi kuma yakan lafa da maganin asibiti. Ƙullutun da ya wuce mako biyu yana nan, mai tauri, ko ba ya ciwo, ko fatar wurin ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko kaluluwa ta fito a hammata, wannan na likita ne. Jiran yaye na iya cin shekara guda, sankara kuwa ba ta jira.

Matakin farko sikanin ne, domin nonon mace mai ƙuruciya a cike yake, hoton mamogiram, wato eksire na nono, ba ya nuna abin da ke ciki sosai. Daga nan a tsakuro ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. A nan ne mutanenmu ke gudu, wai daji ba ya son ƙarfe. Allurar ba ta yaɗa cutar. Ita ce ke nuna ko sankara ce, da kuma irinta: ER, PR ko HER2, wato alamomin da ake dubawa a naman don sanin abin da ke ciyar da cutar. Kowace da maganinta, don haka a tabbata an yi wannan gwajin, a adana takardar. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo wuri ne da za a fara.

In gwaji ya nuna sankara ce, akan yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin cutar. Yawanci ƙarin ruwa ne duk mako uku, sau shida zuwa takwas, kuma kafin kowanne sai an gwada jini. Dole a daina shayarwa, domin maganin na bi ta nono. Gashi yakan fara zuba mako biyu zuwa uku bayan na farko, ya sake tsirowa in an gama. Wani jan magani da ke cikin kemo yana rina fitsari kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Abin tsoro shi ne zazzaɓi: tsakanin kwana 7 da 14 bayan kowane kemo garkuwar jiki ke faɗuwa, in zafin jiki ya kai digiri 38 a tafi asibiti ko da tsakar dare ne, kada a sha farasitamol a kwanta. A sayi ma'aunin zafi a ajiye a ɗaki. Yaro mai ƙyanda ko ƙarambau a nisanta shi da mai karɓar kemo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne masu tsayawa a tsakiya. An yi kemo uku, ƙullutu ya motse, sai a ce an warke, ko kuɗi ya ƙare. Ragowar ce ke dawowa, a ƙashi ko huhu. Dangi su san jimillar kuɗin tun farko, har da zaman Abuja in za a gasa wurin cutar da hasken na'ura a Asibitin Ƙasa, wanda ake yi Litinin zuwa Juma'a na tsawon makonni.

Bayan tiyatar cire ƙullutun ko nonon, a riƙa motsa kafaɗa yadda aka koya, a kuma kai rahoton duk kumburin hannu da wuri. Wadda gwajinta ya nuna ER za ta sha tamoxifen, ƙwaya ɗaya kullum, shekara biyar zuwa goma. Ba a ɗaukar ciki ana shan sa, saboda haka maigida ya shiga ɗakin likita tare da ita a zaɓi tazarar da babu sinadarin homon a ciki, kamar robar mahaifa mai tagulla.

Mai karatunka,
daga Jos.