Barka da Sallah daga Kansas

Assalamu alaikum Baba da Inna,

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun yi Idi a nan cikin wani zaure, ba hawa, ba ƙurar dawakai. Naman layyata ma a leda aka miƙo min shi, a daskare.

Yaya ta ce Inna na gaya wa maƙwabta wai aikin ƙanƙara nake yi, har wata ta tambaya firiza nawa gare ni. Na yi dariya har da hawaye. To bari in warware muku.

A tsakiyar Girinlan, wani ƙaton tsibiri mai tsananin sanyi can arewacin duniya, dusar ƙanƙara ba ta narkewa ta ƙare, ta bana kan hau ta bara ta danne ta, har kaurin ya haura kilomita 3. Baba, ka tuna da ake haƙa rijiyar gidanmu a Jekadafari, ka riƙe hannuna na leƙa, ka nuna min yashi, jar ƙasa, laka, hawa-hawa? Haka take. Dusar lokacin zafi da ta hunturu taurinsu ya bambanta, shi ya sa kowace shekara da layinta.

Daga 2009 zuwa 2019 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta riƙa tura jiragen sama suna bi ƙasa-ƙasa, kamar mita 500 daga saman ƙanƙarar, ɗauke da rada da aka ƙera a Jami'ar Kansas. Radar kan harba igiyar rediyo ƙasa, duk layin da ta tarar sai wani ɓangare ya dawo kamar amsa-kuwwa. Jinkirin dawowar ke nuna zurfin. Ni kuwa zaman kwamfuta ne nawa, ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya don a san nawa ya zuba kowace shekara. Inda ruwan narkewa ya ratsa ya sake daskarewa, kamar a 2012 da kusan duk saman tsibirin ya jiƙe, nan layi ke ɓace min, in wuni ina laluben sa.

Lissafin shagon Baba ne, abin da ya shigo da abin da ya fita zuwa teku. Da duka ƙanƙarar za ta narke, teku zai ƙaru da kusan mita 7, kun ga ai Legas ba ta tsira ba. Girinlan ɗin dai ko taka ta ban taɓa yi ba, kada Inna ta ɗaga hankalinta.

Na tura wa Yaya goron Sallar yara. A gaishe da Kawu da su Goggo. Inna, a rage min dambun nama, akwai mai tahowa ƙarshen wata.

Ɗanku,
Auta