Wasiƙa zuwa Jamus kan wani ɗan jan gizo-gizo

Assalamu alaikum, Dakta mai jiran gado.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya. Ya karatu, ya baƙunta? Mu nan alhamdulillahi, damina ta zauna, gero ya fara fid da kai a gonakin hanyar Birnin Kudu. Tun Babbar Sallah ban ji ɗuriyarka ba, Hajiya ma ta ce in tambaye ka ko Turawa sun karɓe maka waya ne. Amma bari in faɗa maka abin da ya hana ni barci.

Ka tuna kurmin mangwaron nan na bayan makarantarmu, inda ruwa ke kwanciya? Can na kai ɗalibaina darasin halittu. Muka kwaso ruɓaɓɓen ganye, muka tankaɗe da rariya a kan farin ƙyalle. Wata yarinya mai kaifin ido ta ce, "Malam, ga wata jar ƙasa tana tafiya." Ashe gizo-gizo ne, bai kai ƙwayar gero ba. Yana tafiya sannu a hankali, can sai ya zabura, ya kuma tsaya. Da na ɗora masa gilashin hannu sai na ga cikinsa a rufe da sulke mai tauri sama da ƙasa, ja-ja yana sheƙi, idanunsa a dunƙule wuri guda. Shida na ƙirga, alhali yawancin gizo-gizo takwas gare su.

Wallahi jikina har rawa ya yi. Waɗannan duk alamun dangin Oonopidae ne, wanda Bafaranshe Eugène Simon ya raɗa wa suna a 1890. Galibinsu daga milimita 1 zuwa 3 suke, ba sa saƙar yana don kamun abinci, farauta suke yi a ƙasa cikin ganye da ƙarƙashin duwatsu. Akwai masu ido huɗu, akwai masu biyu, akwai ma makafi ɗungurungum da aka samu a kogo da cikin surin gara. Ka dubi yawan surin da ke dajinmu, ka ce mini wa ya taɓa tona ɗaya don neman gizo-gizo!

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne tarihinsu. Lokacin da marigayi Norman Platnick na gidan tarihin halittu da ke New York ya haɗa masana daga ƙasashe da yawa a 2006 don su bi diddigin wannan dangi, waɗanda aka sani ba su kai 500 ba. Yau sun haura 1,800, kuma har gobe ana fitar da sababbi daga ƙasashe masu zafi irin su Brazil da Sri Lanka. To da yarinyar nan ta ce, "Malam, ko namu ma sabo ne?" ba zan iya ce mata tambayar yarinta ce ba. Tambaya ce ta gaske.

Na kwana ina duba hotuna a waya, har katina ya ƙare. Namu ya yi kama da 'yan zuriyar Opopaea, wani reshe na wannan dangi, har da wasu daga cikin waɗanda aka bayyana kwanan nan. Sai dai kama da wane ba ta wane. Launi da sulke ba sa raba jinsi da jinsi a wannan dangi. Dole sai an sami baligin namiji an duba 'yan hannuwan nan biyu da ke gefen bakinsa, waɗanda yake barbara da su, ko a buɗe al'aurar macen ƙarƙashin madubin ƙara girman ƙananan abubuwa mai ƙarfi. Namijin Opopaea akwai wata gaɓa a hannun nasa da take kumbura sosai, wannan ko ni zan iya hangowa in na samu namiji. Amma fayyace jinsi sai zane da zane, a jera da na takardar da ta fara bayyana shi. Ga kuma wani tarko: wasu jinsunan sun bi kayan fatake da tukwanen shuka sun bazu duk ƙasashe masu zafi. Mutum zai iya murna ya gano sabo, ashe tsohon matafiyi ne da aka sani shekara ɗari.

Ga wanda zai ba ka dariya. Akwai ɗaya, Triaeris stenaspis, da ake kyautata zaton asalinsa Afirka ta Yamma ne, ana samunsa har a ɗakunan rainon shuka na Turai, wataƙila ma a garinku. Mata ne zalla, suna hayayyafa ba namiji. Ƙoƙi ta sallami Gizo ke nan. Kai da ka ƙi aure har yanzu, ka ga 'yan uwanka.

Af, maganar aure. An sa ranar ƙaninka, bayan kaka in Allah ya kai mu. Kawu ya ce in ba ka zo ba, shi da kansa zai zaɓo maka, kuma ka san irin zaɓensa. Mai shayin bakin tasha ya sayi babur, ya daina ba da bashi, majalisa ta watse.

In koma kan magana. Madubin makarantarmu ya daɗe da lalacewa, abin yana ci mini rai, don yara ne ke cutuwa. Na zuba abin da muka kama a kwalbar allura da sifirit, na rubuta wuri da kwanan wata da fensir na jefa ciki, don tawada narkewa take. An fi son barasar gwaji mai ƙarfin kashi 70 zuwa 80, ina cigiyarta a Dutse. Na kuma haɗa mazurari irin na Berlese da jarka: ganye a sama kan raga, zafin rana ya busar da shi, ƙananan halittun su gudo ƙasa su faɗa kwalba. Namiji nake nema ido rufe.

Ba zan turo maka samfurin ba, fitar da irin wannan waje sai da takardar izini, kuma ni na fi so ya zauna a ƙasarmu. Abin da nake roƙo biyu ne. Ka shiga World Spider Catalog, kundin sunayen gizo-gizon duniya na gidan tarihin Bern da ke intanet, ka tsamo mini duk Oonopidae da aka rubuta daga Najeriya da Nijar da Kamaru, da takardunsu masu zane. Sannan ka tambayi malamanka ko akwai wanda ya san dangin, wanda zai yarda ya duba hoto in na samu an ɗauka mini a jami'a, Kano ko Dutse.

Don Allah kada ka ajiye wannan kamar yadda ka ajiye maganar littafina. Yarinyar nan kullum sai ta tare ni a ƙofar aji, kuma yanzu yaran unguwarsu sun sace rariyar iyayensu mata, har an kawo ƙarata wajen mai unguwa.

Kowa yana gaishe ka. Ka kira Hajiya ranar Juma'a.

Naka,
amininka na Birnin Kudu