Wasiƙa daga Beijin

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Ka tambaya me ke cinye mini ɗan kuɗin aljihu a nan. To, tsofaffin tikitin rabon abinci ne, waɗanda nake tsinta a kasuwar Panjiayuan duk Asabar.

Daga 1955 zuwa 1993, mutumin birni a Sin ba ya sayen shinkafa ko fulawa da kuɗi kaɗai, sai ya haɗa da tikitin hatsi, wanda suke kira liangpiao. Yadi ma ya yi nasa tikitin daga 1954 zuwa 1983, ana auna shi da chi, wato kashi ɗaya cikin uku na mita. Da farko na ware tikitin hatsin gida biyu: na ƙasa baki ɗaya, wanda matafiyi ke ci da shi ko'ina, da na lardi, wanda da ka tsallake iyaka ya zama takardar banza. Wannan ba wuya.

Awo ne ya ba ni kunya. Ma'aunin nauyinsu sunansa jin, giram 500 ne, ƙaraminsa kuma liang. Na ɗauka liang liang ne, na jera su bisa lambar da ke jiki. Ashe kafin 1959 liang 16 ke cika jin, daga baya aka mayar da shi 10. Ka ga tikitin liang huɗu na 1955 giram 125 ne kacal, amma a sabon lissafi 200. Wani tsoho mai tebur ne ya duba kundina, ya yi ta dariya har da tari. Kamar mudun garinku da namu ne, suna ɗaya, ciki daban. Dare biyu na yi ina sake jeri, yanzu shekara nake fara dubawa kafin lamba.

Wanda na fi ji da shi na Shanghai ne, rabin liang, giram 25. Ɗan mitsitsi, amma hukuma ta zauna ta buga masa takarda! Akwai kuma na yankin Xinjiang mai rubutun harshen Uigur da baƙaƙen Larabci, ka rantse ajami ne. Na ajiye maka guda, in Alhaji zai dawo Kano zan ba shi ya kawo maka.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce sanyin nan bai kashe ni ba tukuna.

Naka,
Habibu