A Daina Binne Wayar Cikin Ɗaki a Hanyar Garke da Ɗakin Kaji

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani aiki da nake gani yana yawaita a gidajen gona na bayan gari, wato jan wutar lantarki ta ƙarƙashin ƙasa daga gida zuwa ɗakin kaji, ko garke, ko sito, ko bakin rijiyar burtsatse. Na daɗe ina aikin wayarin kafin ƙarfi ya fara ja baya in koma kiwon kaji a bayan garin Funtuwa, saboda haka na san zafin lamarin ta wajen mai yin aikin, na kuma san shi ta wajen mai biyan kuɗin aikin.

A daminar da ta wuce wani maƙwabcina mai turka shanu ya aiko a kira ni, ya ce kwana biyu ke nan shanunsa sun ƙi kusantar kwamin ruwa, duk wanda aka ja zuwa wurin sai ya turje yana fizgar igiya, har yaran gidan sun fara zancen iska da sammu. Da na tambaye shi ta inda wayar injin sumo, wato famfon da ke jan ruwa daga cikin burtsatse, ta bi, sai ya nuna mini da ƙafa, daidai gaban kwamin. Muka kashe wuta daga gida, muka sa fartanya, ba mu yi zurfin taƙi guda ba sai ga siririn bututun roba a fashe. A cikinsa wayar cikin ɗaki ce, wadda masu shago ke kira 2.5, irin wadda ake ja wa soket, an yi mata haɗi a tsakiyar hanya, an murɗe ta da hannu an naɗe da salatif, ruwan sama da fitsarin shanu sun cika bututun fal. Allah ne kawai ya tsare, domin a wannan wuri ne ƙananan yaransa ke wanke ƙafa kowace safiya.

Shanun nan sun riga mutanen gidan jin abin da ke faruwa ne saboda dalili sananne. Idan wuta ta zurare cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, takan bazu ne tana da ƙarfi a kusa da inda wayar ta ji ciwo, tana raguwa yayin da ake nisa da wurin. Mutumin da ya tsaya ƙafafunsa kusa da juna, ga takalmin roba, abin da zai ratsa shi kaɗan ne. Saniya kuwa tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya tana da yawa, ba ta da takalmi, tana tsaye a kan danshi, kuma hanyar da wutar za ta bi daga ƙafar gaba zuwa ta baya ta cikin ƙirjinta take. Shi ya sa ɗan yoyon wutar da mutum zai ji kamar cizon tururuwa yana iya kayar da bijimin da aka yi wata shida ana ciyarwa domin kasuwar Sallah.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina sukar binne waya. Binnewar ta fi ratayawa a kan gora ko reshen darbejiya nesa ba kusa ba, domin wayar sama tana hannun iskar farkon damina, da motar da ta yi lodin harawa ko kara, da ɓarawo mai tsani. Ƙa'idar wayarin ta Ingila, BS 7671, wadda da ita aka koyar da yawancinmu wannan sana'a, ta ware sashe guda, na 705, domin gonaki da wuraren kiwo kaɗai, kuma ta ce wayar da za a rataya a inda motoci da injinan gona ke wucewa kada ta gaza mita 6 daga ƙasa. Gidajen gona nawa ne a cikinmu ke da turakun da suka kai haka? Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, wayar sama idan ta lalace ana ganinta a kauce mata, amma wadda aka binne ba bisa ƙa'ida ba tana kwance a ƙarƙashin ƙafar kowa, ba mai sanin halin da take ciki sai ta yi ɓarna.

Wayar cikin ɗaki an yi ta ne domin busasshen bango. Wadda aka yi domin ƙasa ita ce waya mai sulke, wadda a kasuwa ake kira amod kebul, mai zagayen wayoyin ƙarfe tsakanin robar ciki da ta waje. Sulken nan yana tare bakin diga da haƙoran gafiya, sannan idan an haɗa shi da wayar ƙasa, wato wayar tsaron da ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, yadda ya kamata a inda kebul ɗin ya shiga akwati, duk abin da ya huda shi zai sa wuta ta yanke nan take. Sau da yawa nakan ga an sayi mai sulken da tsadarsa, amma an yanke sulken an bar shi yana lilo ba a haɗa shi da komai ba, an zubar da rabin amfanin kuɗin. Masu cewa bututun roba ya wadatar kuwa su sani cewa duk bututun da aka binne, ko ba daɗe ko ba jima, ruwa zai shige shi, don haka abin da ke cikinsa dole ya zama mai jure zama cikin ruwa. Haka nan a auna hanya a sayi kebul guda wanda zai kai daga farko har ƙarshe. Idan haɗi ya zama tilas, akwai kwanson haɗi na musamman da ake cikawa da ruwan gam mai daskarewa, salatif ba ya wannan aiki.

Wurin da aka fi yin ha'inci shi ne rami, domin lebura yana son ya gama da wuri, mai gida kuma yana son ya biya kaɗan, sai bakinsu ya zo ɗaya a kan abin da zai cuci mai gidan. Ƙa'idar da na ambata ta ce a inda motoci da injinan gona ke bi zurfin kada ya gaza santimita 60, wato kimanin ƙafa biyu, tare da ƙarin kariya a samansa, a ƙasar da ake nomawa kuwa kada ya gaza mita guda, saboda garmar tarakta. A share duwatsu daga gindin ramin, a shimfiɗa yashi mai laushi, a kwantar da kebul ɗin ba tare da an ja shi ya yi tsam ba, a sake rufe shi da yashi, a jera bulo ko falankin siminti a kai, a zuba ƙasa kaɗan, sannan a shimfiɗa ledar gargaɗi mai launin ɗorawa tun daga farkon ramin har ƙarshensa, yadda duk wanda ya zo haƙa nan gaba zai ci karo da ita kafin ya kai ga wayar. A wurarenmu akwai abubuwa biyu da ke ƙara wa zurfin muhimmanci. Ruwan damina yana kwashe ƙasar sama shekara bayan shekara, har abin da aka binne da zurfin taƙi ya fito fili, sannan a garke kullum ana kafa sabon turke, wani lokaci na ƙarfe, kuma mai kafa turke ba ya tambayar abin da ke ƙasa.

Sai batun kaurin waya, wanda nake so in tsaya a kansa da lissafi, domin a nan ne mutane ke asarar injina suna ɗora wa wutar gari laifin da ba nata kaɗai ba ne. Wutar da ake ba gidaje a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, kuma duk waya tana cinye wani abu daga ƙarfin wutar gwargwadon tsawonta da sirantarta da nauyin da aka ɗora mata. Abin da aka yarda ya zube a hanya shi ne kashi 5 cikin 100 ga soket da injina, wato bolt 11.5, da kashi 3 cikin 100 ga fitilu. A ce ɗakin kaji yana da nisan mita 80 daga gida, kuma sumo da fankoki da fitilun ɗumama 'yan tsaki suna jan amfiya 15 gaba ɗaya (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja). Wayar jan ƙarfe 'yar 2.5 za ta zubar da kusan bolt 22 kafin wutar ta isa, 'yar 4 za ta zubar da kimanin 13, wanda har yanzu ya haura iyaka, sai 'yar 6 ce za ta sauko da shi ƙasa da 9. Wannan fa idan wutar ta iso gida da cikakken ƙarfinta ke nan, alhali kowa ya san yadda take zuwa a raunane da daddare a unguwannin da ke ƙarshen layi. Injin da bai samu isasshiyar wuta ba yakan ƙara jan amfiya domin ya juya, ya yi zafi, koyil ya ƙone, musamman da yake a lokacin tashi yana jan ninkin abin da yake ja yana cikin gudu. Mai gida ya kai injin a sake naɗa masa koyil sau biyu sau uku, kuɗin da ya kashe ya wuce bambancin da ke tsakanin 'yar 2.5 da 'yar 6, araha dai ba ta ado. A kuma kula da jabun waya, wadda aka shafa wa alminiyom ruwan jan ƙarfe, domin alminiyom ba ya ɗaukar ko kashi biyu cikin uku na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka. A kankare bakin wayar da wuƙa tun a shago, idan cikinta fari ne a ajiye musu abinsu.

Da yawa daga cikin masu gidajen gona suna ganin tunda akwai bireka, an gama tsaro. Bireka 'yar amfiya 20 ko 32 aikinta shi ne ta hana waya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, alhali abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba yana iya tsayar da zuciyar mutum. Wutar da ke zurarewa a gaban kwamin maƙwabcina ba ta kai ta kaɗa birekarsa ba, shi ya sa ta kwana biyu tana aikinta shiru. Na'urar da ke gane yoyon wuta daban ce, ita ce ake rubuta wa RCD, kuma wadda ake so a kan soket ita ce mai miliamfiya 30, wato kashi 30 cikin dubu na amfiya guda. Ginin da aka ja wa wuta ya samu ƙaramin akwatinsa na kansa, da makashi guda a bakin ƙofa wanda ko yaro zai iya kashewa idan abu ya faru, da sandar ƙasa, wato ƙarfen da ake ɗaura wa wayar ƙasa, da aka kafa a wajen da dabbobi ba sa takawa. A riƙa tunawa cewa ƙasarmu tana bushewa ƙamas daga hunturu zuwa bazara, kuma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta sosai, don haka sandar da ta yi kyau a watan Agusta tana iya zama ta jeka-na-yi-ka a watan Maris idan ba ta yi zurfi ba.

A cikin ɗakin kajin kansa, ƙura da tururin kashin kaji suna cin ƙarfe, ɓeraye suna cin roba, ga buntun shinkafa ko ɗusar katako a ƙasa suna jiran tartsatsi guda. A yi amfani da soket da makunni masu murfi, a ɗaga su inda dabba ba ta kaiwa, fitilar ɗumama tsaki kuma a rataye ta da sarƙa, kada a bar ta tana lilo a jikin wayarta. Mai janareta ko sola ya sa canjoba ta gaskiya, wato makunnin da ke raba wutarsa da ta gari, domin wutar da ya tura ta koma kan layi tana iya kashe ma'aikacin da ke kan turke yana zaton an ɗauke wuta. Ba sai na faɗa ba cewa daga bayan mitar wutar gida ake jan wayar da za a binne, wanda ya ja ta gaban mitar sata ya yi.

Kafin a mayar da ƙasa cikin rami, mai gida ya tsaya da kansa a gwada kebul ɗin da na'urar gwajin rufin waya, wadda muke kira mega, a sake gwadawa bayan an rufe, domin dutse guda ko bakin shebur yana iya yi masa rauni a lokacin cikon. Mai wayarin da ya ce ba shi da mega kuma ba zai aro ba, a sallame shi cikin mutunci a nemi wani. Sannan a zana hanyar da wayar ta bi a takarda, a rubuta tazararta daga katanga da rijiya, a ɗauki hoton ramin yana buɗe, a ajiye tare da takardun fili, saboda gida yakan canza hannu ta gado ko ta ciniki, wanda ya binne wayar kuma ba lallai ne yana nan ba ranar da magada za su haƙa harsashin sabon ɗaki.

Ranka ya daɗe, ina so in yi amfani da wannan fili in miƙa roƙo ga hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa alhakin duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, da kuma gwamnatocin jihohi, waɗanda Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Su fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa, da boko da ajami, mai ɗauke da zanen rami da zurfinsa da jadawalin kaurin waya gwargwadon nisa, a liƙa shi a shagunan kayan wuta da na abincin kaji, a kuma karanta shi a shirye-shiryen manoma na rediyo kafin faɗuwar damina. Ƙungiyoyin masu kiwon kaji da masu turka su ma suna iya tara sunayen masu wayarin da ke da takardar shaida a kowane yanki domin membobinsu. Maƙwabcina dai ya sayar da rago biyu ya sayi mai sulke 'yar 6, muka karkatar da ramin ya bi ta jikin katanga nesa da kwamin, kuma takardar zanen tana cikin jakar da yake ajiye takardun gonarsa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon mai aikin wayarin,
Funtuwa, Jihar Katsina.